Dodon koɗi ya cinye min latas, in ƙara fiya-fiya?

Tambaya: Malam, lambuna na bakin rafin Galma ne a Zariya. Kullum da safe sai in tarar an huhhuda latas da kabeji, ga wani yauƙi mai ƙyalli a kan ganye. Na fesa fiya-fiya sau biyu, ba ta yi ba. Mai shago ya ce in ninka. In ninka?

Amsa: Kada ka ninka, ɗan'uwa, kada ma ka sake fesawa. Wannan yauƙin sawun dodon koɗi ne, da ɗan'uwansa marar ƙoƙo. Da dare suke kiwo, da rana su shige ƙarƙashin ciyawa da tsagar ƙasa mai danshi.

Wallahi maganar fiya-fiyar nan ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Dodon koɗi ba ƙwaro ba ne, maganin ƙwari ba don shi aka yi ba. Lokacin da kake feshin ma yana ɓoye. Waɗanda kake kashewa su ne ƙwarin ƙasa da kwaɗin da ke cinye maka shi. Sauran gubar ruwan rafi ke kwashewa, ga kifi, ga shanu, ga yaran da ke wanka a ƙasanka. Latas kuma ɗanye ake ci! Sinadarin dichlorvos ne a cikin fiya-fiya, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa tun 2019, amma har yau mai shago na ɗura shi a kwalbar da ba ta da ko takarda, yana ba manomi fatawa. Shi ciniki yake nema. Masu cewa a barbaɗa gishiri ma ka rabu da su: zai kashe dodon, ya kashe maka ƙasar.

Ka mai da ban ruwa da safe, don ƙasa ta sha iska kafin dare. Ka nome ciyawar gefen kwami. Da yamma ka shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu ko falanki tsakanin kunyoyi, da asuba ka ɗaga, za ka same su cunkus. Ka sa leda a hannu ka kwashe su cikin bokitin ruwan sabulu. In ka ga ƙwai farare kamar ƙananan duwatsun wuya a cikin ƙasa, tone su rana ta ƙona. Toka tana tare wa dodon koɗi hanya, amma da ta jiƙe ta tashi aiki. In kana da agwagi, sake su bayan ka cire amfani.

In abin ya fi ƙarfinka, je wurin malamin gona ka nemi ƙwayar maganin dodon koɗi ta iron phosphate. Ta metaldehyde tana kashe kare da kaji, ba ta dace da bakin ruwa ba.