Shaƙiƙi, li'abbi, li'ummi: me ya sa ba ka samu gadon yayanka ba

Tambaya: Barista, wana ya rasu bai haihu ba, mahaifinmu kuwa ya daɗe da rasuwa. Alƙali ya raba gado, ya ba matarsa da mahaifiyarsa da ƙanensa da suke ɗaki ɗaya, har da wani da uwarsa ta haifa a wani gida. Ni da muke uba ɗaya aka rubuta min "li'abbi, mahajubi". An zalunce ni ne?

Amsa: Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri. Malam, bisa abin da ka faɗa, rabon yana kan ƙa'ida, ko da yake na san da ciwo.

A gida kowa ɗan'uwa ne, amma littattafan Malikiyya da kotunanmu ke aiki da su, irin su Risala da Muhtasar, sun kasa 'yan'uwa uku da sunayen Larabci. Shaƙiƙi shi ne uwa ɗaya uba ɗaya, daga kalmar da ke nufin tsagi, wato abu guda aka tsaga biyu. Li'abbi ɗan uba ne, li'ummi kuma wanda aka haɗa uwa kawai. Wanda ya rasu ba ɗa ba uba, irin wanka, shi ake kira kalala, kuma hukuncinsa na cikin Suratun Nisa'i, aya ta 12 da ta 176.

Li'ummi yana da kaso yankakke, sudusi, wato ɗaya bisa shida, in shi kaɗai ne. Kai da shaƙiƙin kuwa asaba ne, masu kwashe ragowa, kuma a cikin asaba mai ƙarfin dangantaka yana kare na bayansa. Ma'anar mahajubi ke nan, wanda aka kare. In dukiyar naira miliyan 12 ce bayan jana'iza da bashi da wasiyya, mata ta ɗauki 3, uwa 2, li'ummi 2, shaƙiƙi 5.

Amma akwai abin da nake so ka bincika tun yau, don nan ne mutane suka fi yin asara. An raba gadon mahaifinku kuwa? In gida ko gonar da aka lissafa cikin dukiyar wanka na mahaifinku ne da ba a taɓa rabawa ba, kasonka yana nan daram, sai an fitar da shi kafin a raba na mamacin. Haka in kuna da jari tare ko kana bin sa bashi, kawo shaidu. In ya yi maka wasiyya ma ta inganta har zuwa sulusi, wato ɗaya bisa uku na dukiyar, tunda kai ba magaji ba ne a nan.

In ɗaya daga cikin waɗannan ya tabbata, karɓi kwafin hukuncin ka ɗaukaka ƙara da wuri, domin wa'adin yawanci kwana 30 ne. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha hurumin sauraron batun gado. In babu, kada ka ɓata kuɗinka a kotu. Sa dattawan gida su tuna wa magada aya ta 8 ta surar, wadda ta ce a ba dangin da suka halarci rabo wani abu.