Wa Ake Kira Mai Iyo?

Ɗana, ka tambaye ni ko duk wanda ya zo bakin tafkin ninƙaya ya ce shi mai iyo ne za ka bar shi ya shiga ɓangare mai zurfi, tun da shi ya fi kowa sanin kansa. Ba za ka bar shi ba, kuma dalilin yana cikin kalmar kanta, domin abin da jama'a ke nufi da ita ya fi abin da mu masu aikin ceto muke nufi faɗi nesa ba kusa ba.

A bakin mutane, duk wanda aka gani cikin ruwa yana motsa hannu da ƙafa mai iyo ne. Idan aka ce masu iyo sun cika tafki, an haɗa har da yaron da ruwa bai wuce ƙugunsa ba, da wanda ya riƙe gefe yana ta fantsama ruwa, alhali waɗannan wanka kawai suke yi. Iyo da ninƙaya kusan abu ɗaya ne, sai dai 'yan jarida sun fi ɗaukar ninƙaya idan ana maganar gasa, shi ya sa ake kiran irin su Michael Phelps na Amurka, wanda ya ci lambobin zinare 23 a gasar Olamfik, 'yan wasan ninƙaya. Mai nutso kuwa shi ne wanda ke shiga ƙarƙashin ruwa da gangan, ya riƙe numfashi ya dawo. Ka kiyaye harshenka tsakanin nutso da nutsewa, don wanda ya ji ka ce yaro yana nutso ba zai taso da gudu ba.

Ma'anar da muke aiki da ita tana cikin karin maganar nan da ke cewa iya ruwa fid da kai. Ba kyan salo muke dubawa ba, ba kuma sauri ba. Abin da muke son sani shi ne ko mutum zai iya fitar da kansa idan ƙafarsa ta rasa ƙasa. A Ingila ana son yaro ya iya iyo na aƙalla mita 25 kafin ya gama firamare. Ƙungiyar ceto ta Kanada kuma ta gindaya abu uku a jere: mutum ya wuntsila cikin ruwa mai zurfi, ya tsaya wuri ɗaya kansa a sama na minti ɗaya, sannan ya yi iyo na mita 50. Ni wannan ma'aunin na fi yarda da shi, saboda mutane da yawa da ruwa ke ci ba shiga suka yi da shiri ba, faɗawa suka yi, ruwa ya shiga hanci, gaba da baya suka rikice musu, sannan ne ake gane wanda ya iya da wanda ya zaci ya iya.

Ko wanda ya cika wannan ma'auni a tafki bai zama mai iyo a kogi ko teku ba, inda akwai igiyar ruwa da sanyi, babu kuma gefen da za a kama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 236,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2019.

Saboda haka idan baƙo ya ce maka shi mai iyo ne, kada ka ƙaryata shi, domin da gaske yake faɗa bisa fahimtarsa. Ka tambaye shi cikin ladabi a ina ya koya da kuma yaushe rabonsa da ruwa, sannan ka sa ya ratsa tafkin ta ɓangare marar zurfi kana biye da shi a gefe. Ka lura da numfashinsa fiye da hannuwansa: wanda ke ɗaga kai sama yana haki, ƙafafunsa na yin ƙasa, ka rubuta shi cikin masu koyo, ko da babba ne, ko da kuwa ransa ya ɓaci.