Tambayoyinku, Amsoshinmu: Zama da Karatu a Ƙananan Kwalejojin Kirista na Amurka

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan ƙananan kwalejojin Kirista na Amurka, irin masu ɗalibai dubu ɗaya zuwa dubu uku, waɗanda yawanci wata ɗarika ce ta kafa su. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: 'Yata ta samu gurbi, sai aka aiko mata da wata takardar alkawari wai ta sa hannu kafin ta je. An kuma ce zuwa sujada, wato taron ibada a majami'ar makaranta, dole ne. Makaranta ce ko gidan horo? — Wata uwa

Amsa: Mama, makaranta ce, sai dai wannan takarda ba ta ado ba ce, da ita ake hukunci. Ki zaunar da 'yar taki ku karanta ta layi-layi kafin biro ya taɓa ta. Abubuwan da aka saba samu a ciki su ne hana giya da taba da ƙwaya, a wasu wuraren ko da ɗalibi ya cika shekara 21 da dokar ƙasar ta yarda a sha, da hana kwana da wanda ba a yi aure da shi ba, da ƙayyade sa'o'in da namiji zai shiga ɗakunan kwanan mata ko mace ta shiga na maza. Wasu kan ce a lokacin ziyarar a bar ƙofa a buɗe, fitila kuma a kunne. Tsananin ya bambanta, kuma yakan canja da zamani. Kwalejin Wheaton da ke jihar Ilinoyi, wadda aka kafa a 1860, inda mai wa'azi Billy Graham ya gama a 1943, sai a 2003 ta ɗage haramcin rawa ga ɗalibanta. Tambaya ɗaya da iyaye kan manta: alkawarin yana aiki a lokacin hutu, ko a cikin zango kawai? Wasu sun rubuta, wasu sai an tambaya.

Sujada kuwa, a Wheaton sau uku ake yi a mako, wasu kwalejojin sau biyu, wasu kuma sukan ba ɗalibi adadin da zai cika a zango ya zaɓi ranakunsa. Ba ta cika kai awa ɗaya ba. A wurare da yawa da katin shaidar ɗalibi ake ɗaukar suna a bakin ƙofa, wanda ya makara da 'yan mintoci sai na'ura ta ƙi ƙirga shi, ko da ya zauna har aka yi albarka. Inda sababbi suke faɗawa rami shi ne su cinye ranakun fashin da aka yafe musu tun a watan farko, sai ga jarrabawa da mura a ƙarshen zango, ba sauran ko ɗaya. Hukuncin kan fara da gargaɗi, wani wuri tara, wani wuri a hana rajistar zango na gaba. Idan aiki ko atisayen asibiti ya ci karo da lokacin sujada, ana cike takardar neman uzuri a makon farko. Bayan an yi fashi ba a cika saurara ba.

Tambaya: Ni Musulmi ne. Za su karɓe ni? — Wani ɗalibi

Amsa: Ya danganta da kwalejin, ɗan'uwa. Wasu, kamar Wheaton, suna neman mai shiga digirin farko ya shaida cewa shi Kirista ne. Wasu malamansu kawai suke ɗora wa wannan sharaɗi, ɗalibi ko wane addini yake yi ya shigo, amma zai ɗauki darasi biyu ko uku na Littafi Mai Tsarki a matsayin kwas mai maki, kuma dokar sujada na iya hawa kansa. Akwai kuma irin kwalejin Berea, wadda ƙofarta a buɗe take ga kowa tun asali. Ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ka tambayi abu uku a fili: halartar sujada, wurin da za ka yi salla da nisan masallacin Juma'a, da yadda ɗakin cin abinci yake yi da mai azumi, domin kuɗin abinci a dunƙule ake biya, kuma sau da yawa an rufe kicin kafin a sha ruwa. Ka ajiye amsar a rubuce.

Tambaya: Na ji an ce akwai kwalejin da ba a biyan kuɗin karatu, aiki ake yi a madadinsa. Gaskiya ne, ko romon baka ne? — Wata ɗaliba

Amsa: Gaskiya ne, ƙanwa, sai dai ba su da yawa, kuma shiga ba sauƙi. Biyu ne suka fi suna. Berea, a jihar Kentaki, wani fasto mai adawa da bauta, John G. Fee, ya kafa ta a 1855, baƙaƙe da farare, maza da mata a aji ɗaya, a yankin da hakan ke iya jawo wa mutum duka. Takenta daga Ayyukan Manzanni 17:26 na Littafi Mai Tsarki aka ɗauko shi, cewa Allah ya yi dukan al'ummai daga jini ɗaya. Tun 1892 ba ta karɓar kuɗin karatu. A 1904 jihar ta yi dokar da ta tilasta mata raba launin fata, kwalejin ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, ta sha kaye a 1908, sai a 1950 aka sassauta dokar baƙaƙe suka dawo. Kowane ɗalibi yana aikin aƙalla awa 10 a mako: a gona, a ɗakin karatu, a kicin, a otal ɗin kwalejin, ko wurin saƙa da ɗaurin tsintsiya. Ta biyu ita ce College of the Ozarks a jihar Misuri, inda ake aikin awa 15 a mako, a ƙara da makonni biyu na awa 40 a shekara lokacin da ba a shiga aji.

Abin da tallan ba ya faɗa shi ne lissafin sa'o'i. Ƙa'idar ita ce kowane kiredit ɗaya na nufin awa ɗaya a aji da awa biyu na karatu a ɗaki. Mai kiredit 15 ke nan yana da awa 45 a mako, a ɗora 15 na aiki ya zama 60, ba a sa sujada da wanki da barci ba. A irin waɗannan kwalejoji mai kula da aiki yana rubuta rahoto a kanki kamar yadda malami ke ba da maki, kuma fashin aiki kan iya korar mutum ko da sakamakonsa na aji yana da kyau. Sannan kuɗin karatu daban, kuɗin ɗaki da abinci da littattafai da inshorar lafiya da jirgi daban. Ki nemi a rubuta miki wanne aka yafe, wanne ya rage a wuyanki, shekara ta farko da ta biyu zuwa ta huɗu.

A sauran kwalejojin da ake biya, mai bizar ɗalibi ta F-1 ba zai wuce awa 20 a mako ba a cikin zango, kuma a cikin harabar makaranta kawai. Aikin bayan fage a wani shago a gari na iya soke biza. Kuɗin awa 20 na sayen sabulu da littafi ne, kada a gina kuɗin makaranta a kansa.

Tambaya: Ɗana ya kira ya ce ya faɗi kwas ɗaya, wai sikolashif ɗinsa na cikin haɗari. A wasiƙar makarantar kuma ina ganin ana buga sunayen wasu yara a jerin yabo. Yaya ake wannan lissafi? — Wani uba

Amsa: Baba, lissafin ba shi da wuya. A na da maki 4, B na da 3, C na da 2, D na da 1, F ba ta da komai. Ana ninka kowane maki da kiredit ɗin kwas ɗin, a tara, a raba da jimlar kiredit. A ce kwas biyar ya ɗauka, kowanne kiredit 3, ya samu A, B, B, C da F. Wato 12 da 9 da 9 da 6 da sifili, jimla 36, a raba da 15 ya ba da 2.4. Da ya janye daga kwas ɗin kafin ranar da aka tsayar, W za a rubuta masa, wadda ba ta shiga lissafi, sai ya zama 36 a raba da 12, wato 3.0 cif. Dubi bambancin: sikolashif da yawa 3.0 ɗin nan suke nema, wanda ya sauka ƙasa da 2.0 kuma yakan shiga gwajin kora.

Amma akwai tarko. Ɗalibin waje dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 a zango, in ya sauka ƙasa ba da izinin jami'in kula da ɗaliban waje ba, bizarsa ce ta shiga matsala. Shi ya sa gara a fara da 15, a samu wurin ja da baya. Kuma digiri kusan kiredit 120 ne, mai tsayawa a 12 kullum zai tara 96 ne a shekara huɗu, ga shekara ta biyar ba tallafi.

Ga abin da zai yi a wannan makon. Ya je wurin mai ba shi shawara kan karatu ya tambaya ko maimaita kwas yana goge F daga lissafi, domin a kwalejoji da yawa sabon makin ke maye gurbin tsohon. Ya je ofishin tallafin kuɗi ya tambaya ko a ƙarshen zango ake duba makin ko a ƙarshen shekara, da yadda ake ɗaukaka ƙara. Sannan ya fara zuwa ofishin malami a sa'o'in da malamin ya ware wa ɗalibai. Nan ne amfanin ƙaramar kwaleji yake: aji na mutum 15 ko 20, farfesa da kansa ke koyarwa, ya san wanda bai zo ba. Yaran da aka raina da jin nauyin manya sukan ga zuwa ofishin malami kamar rashin kunya ne, alhali shi malamin yana zaune ƙofa a buɗe yana jira.

Jerin yabon da kake gani na shugaban tsangaya ne, yawanci ga mai 3.5 zuwa sama a zango ɗaya. Na zango ne kawai, ba ya bin mutum zuwa takardar digiri. Wanda ake bugawa a kan digiri shi ne darajar kammalawa mai hawa uku, da ake ƙirgawa daga makin shekara huɗu gaba ɗaya, kowace kwaleji da inda take sa iyakarta.

Tambaya: Na iya ƙwallo. Ƙafata za ta biya mini makaranta? — Wani matashi

Amsa: Ka fara tambayar rukunin da kwalejin take. Da yawansu suna rukuni na uku na NCAA, hukumar wasannin kwalejoji, inda doka ta hana ba da sikolashif don wasa, ko kai ne gwanin gwanaye. Koci zai iya sa baki a ɗauke ka, amma kuɗi sai ta hanyar maki ko buƙata. Waɗanda ke ƙarƙashin wata hukumar wasannin, NAIA, suna bayarwa, sai dai akan yanka shi gunduwa-gunduwa a raba wa 'yan wasa da yawa. Wannan bai sa wasan ya zama na yara ba: kwalejin Messiah ta jihar Fensilbaniya ta ɗauki kofin ƙasa na ƙwallon ƙafa na rukuni na uku, na maza da na mata, a shekara ɗaya, 2005. Wani abin kuma ba kofi ba kuɗi, al'ada ce kawai. A kwalejin Hope ta jihar Mishigan tun 1898 'yan aji ɗaya da 'yan aji biyu suke jan igiya, mutum 18 a kowane ɓangare, kowa kwance a raminsa ya nannaɗe igiya da ƙafa, har awa uku.

Tambaya: Kowace ƙasida cike take da nasarori da lambobin yabo. Ta yaya zan gane ta gaske? — Wani malamin sakandare

Amsa: Malam, tsofaffin ɗalibai masu suna abin alfahari ne, kuma akwai su: Carter G. Woodson, uban nazarin tarihin baƙaƙen Amurka, a Berea ya gama a 1903, John Fenn da ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2002 shi ma a can ya yi karatu. Leymah Gbowee ta Laberiya, mai Nobel ta zaman lafiya a 2011, ta yi digiri na biyu a jami'ar Eastern Mennonite. Sai dai mutum ɗaya cikin dubbai ba ya gaya maka yadda ɗalibinka zai kasance. Lamba uku za ka nema, kuma shafin gwamnati na College Scorecard yana da su kyauta: kashi nawa na 'yan aji ɗaya suke dawowa aji biyu, kashi nawa suke gamawa, da ainihin kuɗin da ake biya bayan an cire tallafi. Inda ƙasida ta ce kusan kowa ya samu aiki, tambayi mutum nawa ne suka amsa tambayar, kuma ko an ƙirga aikin wucin gadi.

Na biyu, hukumar da ta tantance kwalejin. Manyan hukumomi irin HLC da SACSCOC da MSCHE su ne jami'o'i suka fi yarda da kiredit ɗinsu. Akwai na makarantun addini, ABHE da TRACS, gwamnati ta san da su, amma mai son komawa wata jami'a ko shiga digiri na biyu yakan tarar ba a karɓi duk kwasa-kwasansa ba. Aikin jinya da injiniya da koyarwa kuma kowanne na da tasa tantancewar ta daban, a tambaye ta da suna.

Na uku, lafiyar aljihun kwalejin, domin ƙananan nan da kuɗin ɗalibai suke rayuwa, ɗalibai ɗari suka ragu sai gini ya girgiza. Iowa Wesleyan da Alderson Broaddus sun rufe a 2023, ta biyun ana saura 'yan makonni a koma zango. Birmingham-Southern ta Alabama ta rufe ranar 31 ga Mayu, 2024, a daidai lokacin da 'yan wasan besbol ɗinta suke fafatawa a gasar ƙarshe ta ƙasa, da rigar makarantar da babu ita. Alamomin sukan bayyana tun da wuri: yawan ɗalibai na raguwa shekara uku a jere, ana rufe sassa, ana sayar da filaye, shugabanni na canjawa akai-akai, hukumar tantancewa ta ba da gargaɗi, wanda takan buga a shafinta kowa ya gani. Ɗalibin da ya riga ya shiga ya riƙa ajiye jadawalin kowane kwas da ya yi, ya kuma karɓi takardar sakamakonsa mai hatimi a ƙarshen kowace shekara, domin ranar da za a nemi a mayar da shi wata makaranta waɗannan biyun za a fara tambayarsa, kuma a lokacin layin ofishin rajista ya kai bakin titi.