Likita Ya Amsa: Hayaƙin Mota Da Lafiyarmu

Tambaya: Likita ɗana mai shekara 6 yana da asma, duk ranar da muka daɗe a gosulo sai tari ya taso masa da dare. Hayaƙin ne?

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Eh zai iya zama shi ne, domin hayaƙin salansa yana ɗauke da ƙura mai tsananin ƙanƙanta da ake kira PM2.5, ido ba ya ganinta amma tana shigewa har can cikin huhu, kuma yara sun fi mu saurin numfashi ga huhunsu bai gama girma ba. In kun shiga cunkoso ki ɗaga gilashi, ki danna maɓallin nan da ke juya iskar cikin mota, sannan inhelarsa kar ta rabu da jakarki.

Tambaya: Ni direba ne, nakan kwana a mota da esi a kunne, wani lokaci in tashi da ciwon kai da jiri.

Amsa: Malam don Allah ka daina daga yau, wannan tambayar ta fi tayar min da hankali. Akwai iska mai guba a hayaƙin, kabon monoksaid, ba wari ba launi, tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da wani abu, to mutum yana barci ba zai ji komai ba sai dai a wayi gari a tarar da gawa. Salansa mai huji ko gareji a rufe sun isa. Ciwon kan nan da jirin gargaɗi ne. Ka kai wa makanike ya duba salansar, in ka sake jin haka ka fito iska nan take ka wuce asibiti.

Tambaya: Motata na fitar da baƙin hayaƙi, ai na bayana yake damu ko?

Amsa: Har da kai ɗan'uwa, kuma na bayan naka ma mutum ne. Baƙin hayaƙi mai ne ba ya ƙonewa da kyau, shuɗi kuma baƙin mai injin ke sha. Tun 2012 sashen binciken cutar kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ya sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo kansar huhu. Ka yi sabis, ka canza filta, kuma in za ka jira mutum ka kashe injin.