Kariyar tirela mai hawa da sauka: matse bol kaɗai zai riƙe ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Sana'ata haɗa sola ce, ina da 'yar ƙaramar tirela mai taya biyu da nake ja da mota zuwa ƙauyuka. Ina so a yi mata kariyar ɗora kaya a sama wadda zan riƙa ɗagawa ina saukewa, domin wata rana tsani da dogayen ƙarafa nake ɗauka, wata rana kuma kaya masu tsayi ne a cikin bodin. Mai waldar da na kai wa ya ce ba sai an huda komai ba. Zai zura ƙaramin fayif cikin babba, ya liƙa noti a jikin babban, idan na kai tsayin da nake so sai in matse bol da sufana. Har ya nuna min wadda ya yi wa wani, ya yi lilo a jikinta ko gezau ba ta yi ba. Amma hankalina ya ƙi kwanciya. Yaran aikina biyu a kujerar baya suke zama, hanyoyin da muke bi kuma gargada ce zalla. Wallahi tsoro nake ji kada wata rana ƙarfe ya shigo musu ta gilashin baya. Me ka gani?

Daga wani mai haɗa sola a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsoronka yana kan hanya, kuma kada ka yarda a yi maka aikin a haka. Shawarar fayif cikin fayif daidai ce, haka ake yi. Inda aka kauce hanya shi ne abin da zai riƙe tsayin.

Fara da ƙarfen. Ƙafafu huɗu kake buƙata, kowace da kube da abin da ke shiga cikinsa. Kuben ya zama fayif mai kusurwa huɗu na milimita 50 da kaurin milimita 3, wanda cikinsa zai ba ka milimita 44. Na ciki ya zama na milimita 40, shi ma kaurin 3. Idan abin da ka samu a kasuwa inci biyu ne da inci ɗaya da rabi, ratar da ke tsakaninsu za ta kusa milimita 7, wannan ta yi yawa, sai an liƙa 'yan siraran ƙarafa a jikin na ciki don rage ta. Ko a Panteka ta Kaduna za ka saya ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ka tafi da ma'aunin kauri ka auna da hannunka, domin fayif mai kaurin 1.2 ko 1.5 shi ya fi yawa, kuma na ƙofa ne da taga. Ka leƙa cikin kuben, akwai zanen waldar kamfani da ya bi tsawonsa, a goge shi da magagari in ba haka ba zai riƙa cije na ciki. Duk tsayin da za ka ɗaga, a bar aƙalla santimita 30 na ƙaramin a cikin babban.

Yanzu maganar bol ɗin, wadda kusan kullum sai na yi ta da wani. Ba a jikin tirela kaɗai ba, har a kariyar a-kori-kura da ta babur mai ƙafa uku ta ɗaukar kaya ana wannan aikin, kuma hujjar ɗaya ce: "Ai na matse shi tam, ga shi na hau bai motsa ba." Mutum mai kilo 70 ya yi lilo a jikin kariyar da ke tsaye a ƙofar shago, wannan bai gwada komai ba. Abin da ke jiranta a hanya daban ne.

Dubi yadda bol ɗin yake riƙewa. Bakinsa ne kawai yake taɓa jikin fayif ɗin ciki, wurin da bai kai faɗin farce ba. Babu abin da ya tokare nauyin, gogayya ce kurum take hana shi zamewa. Da ka matse, bangon fayif ɗin zai ɗan loɓa. Da ka shiga gargada, kowane rami sai ya ƙara loɓa shi kaɗan, matsin ya ragu alhali kan bol ɗin bai ko juya ba. Ka ciro ƙafar tsohuwar kariya irin wannan ka duba, za ka ga ɗan gurbi inda bol ya zauna, sannan doguwar ƙarzuwa mai ƙyalli ta miƙe daga gurbin zuwa sama. Wannan ƙarzuwar ita ce hanyar da ƙafar ta bi ranar da ta zame. Ga kuma juyawar bol ɗin kansa. Tun a 1969 wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna cewa girgizar da ke bugun bol ta gefe ita ce ta fi saurin kwance shi, kuma har yau da irin injin gwajinsa ake gwada noti. A wannan gwajin, washa mai tsaga ɗin nan da ake cewa tana kulle noti ba ta hana shi kwancewa. To ƙafar kariya a kan hanyar ƙauye, bugun gefe take sha daga tashi har isowa. Ƙara da cewa dole ka shafa giris don fayif ɗin ya riƙa zamewa da sauƙi in za ka ɗaga, kuma giris maƙiyin gogayya ne. Abin da ke sauƙaƙa maka ɗagawa shi ne ke sauƙaƙa masa faɗuwa.

Kuma ƙafafun ba tare suke zamewa ba. Ɗaya ce take fara sauka, kariyar ta karkace, ɗaurin kayan ya saki domin abin da aka ɗaure a kai ya matsa, nauyin ya koma kan ƙafar da ke kusa. Kai kana gaba ba ka san ana yi ba. Sai ranar da akuya ta gitta ka taka birki. Ƙa'idar ɗaure kaya da ake bi a Turai da Amurka tana lissafa cewa a birki mai ƙarfi kaya na turawa gaba da kashi 80 cikin 100 na nauyinsu, a kwana kuma suna turawa gefe da rabin nauyinsu. Wato tsani da ƙarafa masu kilo 150 za su taso gaba da ƙarfin kilo 120, kuma a daidai tsayin gilashin da yaranka suke bayansa. Idan baya suka sulale, mai babur ɗin da ke biye da kai ne zai karɓa.

Abin da yake ɓata min rai shi ne dalilin da ya sa ake yin haka ba wani ilimi ba ne. Huda ramuka a jikin ƙafafu huɗu su zo daidai da juna aiki ne mai cin lokaci, yana buƙatar injin huda da haƙuri, liƙa noti kuwa minti kaɗan ne. Sai a rufe ganda da cewa "haka muke yi tun da, ba wanda ya taɓa dawowa." Wanda kariyarsa ta zube a daji ba ya jawo ta zuwa shago ya nuna, wani mai waldar yake nema a garin da ya fi kusa. Rashin dawowarsa ba shaida ba ce.

Abin da za a yi shi ne sakata, wadda za ta ratsa kuben da na ciki ta fito ɗaya gefen. Nauyi sai ya zauna a kan ƙarfe, ba a kan matsi ba. Rami ɗaya a jikin kube, kamar santimita 5 ƙasa da bakinsa, sannan jerin ramuka a jikin na ciki da tazarar santimita 10. A haɗa ƙafafun a daidaita su a zana layi ɗaya kafin a huda, don rami na uku a wannan ƙafa ya zama rami na uku a sauran. Kuma da injin huda za a yi. Kada ka bari a ɓula maka rami da wutar walda. Ramin wuta ba ya zama zagaye, gefensa kaca-kaca ne, sakatar za ta zauna a kan 'yan tsini ta riƙa cin su, daga nan kuma tsagewa take farawa.

Sakatar ta zama bol na milimita 12 wanda aka rubuta 8.8 a kansa, ko sakatar jan tirela ta ainihi mai ƙulli a bakinta. Idan bol ne, nemi mai dogon wuya, yadda santsin jikinsa ne zai zauna cikin ramin ba haƙoransa ba, ka kulle shi da noti mai roba a ciki. Ƙusa, guntun rodi, tsohon sukundireba, duk na gan su a wannan gurbin, kuma duk suna iya zarewa da kansu tunda babu abin da ya kulle su. Ka ɗaure kowace sakata da 'yar sarƙa a jikin ƙafarta, domin ranar da ta ɓata a ƙauye ita ce ranar da yaro zai tsinci ƙusa ya zura. Bol na kirki mai wannan kauri da wuya ya karye a irin wannan aiki. Bangon fayif ne yake fara gazawa, ramin ya yi tsawo, shi ya sa na nace a kan kaurin milimita 3.

Notin da mai waldarka yake so ya liƙa yana da amfani, ka bar shi ya liƙa. Bayan sakata ta shiga, sai ka matse bol ɗin don ya hana ƙafar kaɗawa da ƙara. Aikinsa ke nan, iyakarsa ke nan.

Sai gindin ƙafa, wanda shi ne yake shan wahala fiye da ko'ina. Ka san yadda kake ƙara wa sufana tsawo da fayif in noti ya ƙi kwantuwa? Haka kayan da ke sama suke yi wa gindin, kuma duk ramin da ka ƙara hawa ka ƙara wa fayif ɗin tsawo ne. Don haka ƙafar ta sauka a kan shasi, ba a kan fallen bodi ba. A yi mata faranti mai kaurin milimita 6, a tokare ta da ƙarafa masu kusurwa uku ta gaba da gefe, a kuma sa gicciye daga kuben gaba zuwa na baya. Waldar ta zagaye gaba ɗaya, a kakkaɓe dattinta ka gani da idonka kafin fenti ya rufe. Idan wutar ta yi rauni har sandar walda tana maƙalewa, a jira. A bar ɗan rami a ƙasan kube don ruwan damina ya fita, in ba haka ba tsatsa za ta ci shi daga ciki. A gaban kariyar a yi bango na ƙarfe da zai tare dogayen kaya, a ƙarshen kowane gicciyen sama a ɗaga 'yan kunnuwa. Ɗauri kuwa da bel mai makulli za ka yi, robar tsohon tiyub miƙewa take.

Ƙarfin kariya ba ya ƙara wa tirela ƙarfi. Duba jikin tayarka, akwai lamba kafin harafin ƙarshe: 82 na nufin kilo 475, 88 na nufin kilo 560. Ninka biyu, ka cire nauyin tirelar da na kariyar, abin da ya rage shi ne kayanka, in aksil ɗin ya kai. Idan tirelar ba ta da birki nata, ka sani a Turai ba a barin irinta ta wuce kilo 750 gaba ɗaya, kuma iyaka ce mai kyau ka ɗauka wa kanka. Batir da inbata da farantan sola, waɗanda babba ɗaya ya kusa kilo 30, duk a ƙasa za su zauna, mafi nauyinsu ɗan gaba da aksil, yadda kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin zai danna mahaɗin mota. Nauyi a baya shi ke sa tirela kaɗa wutsiya, nauyi a sama shi ke kifar da ita a kwana. A tirela mai taya biyu, ni ba na son abin da ke sama ya wuce kilo 100 zuwa 150, kuma ka riƙa tafiya da kariyar a tsayi mafi ƙasa da kayan ranar suka yarda.

Ka koma wurin mai waldarka ka gaya masa sakata kake so, kuma za ka biya kuɗin hudar. Idan ba shi da injin, a yanka ƙafafun ka kai su wurin masu injin huda na tsaye, ka dawo masa da su ya haɗa. Bayan tafiyar farko da kaya, zare sakatun ka duba ramukan da gindin ƙafafun, ko fenti ya tsage kusa da walda, daga nan kuma ka riƙa dubawa duk sanda za ka yi doguwar hanya. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a sana'a.