Filin Amsoshinku: Kayan Fatsar Bidiyon Amurka Za Su Yi Aiki a Ruwanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Kubwa. Tun ina yaro a garinmu nake fatsa da kara da zaren buhu, yanzu kuma sha'awar ta dawo mini saboda kallon masu kamun kifin bas na Amurka a YouTube. Ƙanena zai dawo daga can da ƙaramar Sallah, ya ce in rubuta masa abin da nake so. Wace sanda, wane ril (na'urar naɗe zare), wane zare da wane koton roba zan sa ya sayo? Na kuma lura ƙwararrunsu da ril mai zama a saman sanda suke aiki, shi zan nema? Daga mai karatu a Kubwa, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka tura wa ƙanen naka saƙo, ka san cewa kifin da kake kallo ba ɗan ruwanmu ba ne. Bas mai faffaɗan baki asalinsa Arewacin Amurka. Turawa sun kai shi Afirka ta Kudu a 1928, suka zuba shi a tafkin Naivasha na Kenya a 1929, ya kuma samu wurin zama a madatsun Zimbabwe, amma ni dai ban taɓa ganinsa a kwandon masunci a tafkin Jabi ko madatsar Usuma ba. Kuma ba wani ƙaton kifi ba ne. Wanda ya kafa tarihi, na George Perry a jihar Jojiya a 1932, kilo 10 ne da 'yan giram, sai a 2009 wani ɗan Japan, Manabu Kurita, ya kamo mai irin nauyinsa a tafkin Biwa. Giwan ruwa kuwa, irin wanda muke da shi a Neja da Binuwai da Chadi, an taɓa ciro mai kilo 104 da sanda a tafkin Nasser na Masar a shekarar 2000.

Duk da haka kallon naka bai tafi a banza ba, don halinsu ɗaya. Bas da giwan ruwa duk mafarauta ne masu laɓewa a gindin dutse ko kututture, su jira ƙaramin kifi ya gifta su zuƙe shi. Dabarar jifa da ta jan koto da ka gani za ta yi maka aiki. Kayan ne sai an ƙara musu ƙwari, wasu kuma a bar su a kantin.

Sanda ba ta da dogon zance. Ka ce ya sayo mai tsawon ƙafa 7, wato mita 2 da ɗan ɗoriya, wadda aka rubuta MH a jikinta kusa da mariƙi, wato ƙarfinta ya ɗan haura matsakaici. Tana da ƙarfin juya matsakaicin giwan ruwa, bakinta kuma bai yi taurin da za ta kasa jefa ƙaramin koton ƙarfe mai siffar cokali ba. Ta zama mai rabuwa gida biyu ko huɗu, in ba haka ba a filin jirgi za ta fara ba shi wahala. Kada ya kashe kuɗi a kan mafi tsada. Sandar girafait zalla ba ta da nauyi, tana kuma sanar da hannunka duk abin da ya taɓa koto, amma ƙofar mota ta datse ta sau ɗaya, shi ke nan. Wadda aka gauraya da faiba ta fi jure wa ƙasan kwalekwale da bayan babur.

Wancan ril mai zama a saman sanda da ya burge ka, betkasta, ka haƙura da shi tukuna. Kwarkwaronsa ne ke juyawa da kansa idan ka yi jifa, to in koton ya rage gudu a iska ko ya faɗa ruwa alhali babban yatsanka bai tare kwarkwaron ba, zare zai ci gaba da warwarewa ya cukurkuɗe. Sai ka ga mutum ya zauna a bakin ruwa yana tsifar zare da tsinken sakace har rana ta take. Farawa da shi tamkar koyon tuƙi ne da tirela. Ka nemi mai rataye a ƙasan sanda, mai girman lamba 4000. Shimano da Daiwa na Japan, da Penn na Amurka, da Abu Garcia mai asali a Suwidin, duk suna da matsakaita masu aminci. Ya saya a kantin da aka sani, don jabun waɗannan sunaye sun yi yawa. Za ka ga an rubuta wani abu kamar 5.2:1 ko 6.2:1 a kwali. Ma'anarsa, duk juyi ɗaya da ka yi wa hannun ril, bakinsa zai zagaye kwarkwaro sau biyar ko shida da ɗoriya yana naɗe zare. Ɗauki mai shida, saboda tsage, kifin nan mai haƙora, yana son koto mai gudu. Yawan boris da suke bugawa da manyan lambobi kada ya ruɗe ka, huɗu masu kyau sun fi goma sha biyu na banza.

Abin da ya fi komai muhimmanci a ril shi ne birkinsa, wancan murfin da ake murɗawa a goshin kwarkwaro. Aikinsa ya saki zare a hankali idan kifi ya fizga da ƙarfin da zai iya tsinka shi. Mu da muka taso da fatsar kara mun saba da ɗaga kifi sama da ƙarfin tuwo, shi ya sa sabon shiga yakan ɗaure birki tamau, kifin kirki na farko kuma ya tafi da koton da aka sayo da dala. Ana saita shi ne a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Ga yadda za ka gwada a tsakar gida. In zarenka mai laba 20 ne, kimanin kilo 9 ke nan, ka sa gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi guda biyu a leda, ka ɗaura a zaren kai tsaye daga ril ba tare da ka bi da shi ta zobban sanda ba, ka ɗaga. Ka yi ta sassauta murfin har ledar ta fara sauka a hankali, ril yana ƙara ƙir-ƙir-ƙir. In tana sauka sumul, birkin lafiyayye ne. In tana tsayawa tana fizga, ril ɗin ba na zuwa Kainji ba ne.

Zare iri uku ne. Akwai nailan da kowa ya sani: yana da araha, yana da sauƙin ƙulli, yana miƙewa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa kafin ya tsinke, wannan kuma rufin asiri ne ga mai koyo. Aibinsa rana. Ranar Abuja ta watan Maris tana cinye shi, musamman in an bar shi a but ɗin mota, don haka duk shekara a sake sabo. Akwai zare mai kitso, wanda ake saƙawa da siraran zaruruwa huɗu ko takwas. Siriri ne ƙwarai a kan ƙarfinsa, ba ya miƙewa, ko ciyawa koto ya shafa sai ka ji a tafin hannunka. Shi nake ba ka shawara, mai laba 30, mita 150 zuwa 200. Sai dai yana da santsi, sai ka fara naɗa 'yan mitocin nailan a kwarkwaro ka ɗaura shi a kai, in ba haka ba gaba ɗayansa zai riƙa sulɓewa. Ka cika kwarkwaron ka bar kamar milimita 2 zuwa 3 daga baki. Idan koto ya maƙale, kada ka kuskura ka naɗe wannan zare a yatsa ka ja, yanka yake yi har tsoka. Naɗe shi a guntun itace.

Na ukun shi ne fulorokabon, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fara fitarwa a matsayin zaren fatsa a 1971. Ba ya fitowa sosai a ido cikin ruwa, yana kuma jure gugar dutse. Ba cika ril ake yi da shi ba, guntu ake ɗaurawa a gaba, kamar tsawon hannu. A nan ne kifinmu ya sha bamban da na bidiyo. Mai kamun bas yakan wadatu da laba 12 zuwa 15. Giwan ruwa yana da kaifi a murfin kuncinsa, in ya yi tsalle ya girgiza kai sai ya datse siririn zare, saboda haka ka sa a kawo maka mai laba 50 ko 60. Tsage kuma haƙoransa ba su san wani fulorokabon ba, sai waya. A sayo guntayen waya masu kamar santimita 20 zuwa 30, masu majuyi a kai, wato ɗan ƙarfen da ke juyawa ya hana zare murɗewa.

Ƙulli ɗaya ya ishe ka farawa, wanda suke kira Palomar. Ka ninka bakin zare biyu, ka zura ninkin ta idon ƙugiya, ka yi ƙulli sako-sako, ka bi da ƙugiyar ta cikin madaukin da ya rage, ka jiƙa da yawu, sannan ka ja a hankali har ya zauna. Kada ka raina yawun nan, busasshen zare yana ƙona kansa wajen ja.

Koton roba kuwa, nan ne kuɗi ke zurarewa, don yawancinsa mai saye yake kamawa kafin kifi. Cokula masu ƙyalli, fari da ruwan tagulla, masu giram 15 zuwa 30, su ne na tsage. A cire musu ƙugiya mai baki uku a sa mai baki ɗaya mai kaifi, ta fi shiga wannan bakin nasa mai ƙashi. Sai 'yan kifayen ƙarya masu leɓe irin na Rapala, wanda wani masuncin Finland, Lauri Rapala, ya fara sassaƙawa a 1936 ya lulluɓe da takardar ƙyallin cakulan. Tsawon leɓen ne ke nuna zurfin da zai nutsa, ka nemi mai gajere da mai dogo, santimita 9 zuwa 14. Ƙugiyoyin da ke zuwa a jikin na bas sirara ne, giwan ruwa yana miƙar da su, a haɗo da masu kauri. A ƙara da kifayen roba masu taushi da kan dalma. Launi kada ya dame ka: da damina ruwa ya yi ja, ka sa mai ruwan lemo ko mai ƙara a ciki, da rani ya kwanta, ka koma fari. Kwaɗin roba da tarin tsutsotsi masu launi ashirin, a bar wa masu su.

Sai dai fa in a nan cikin Abuja za ka tsaya, abin da na fi gani a hannun masunta karfasa ce da tarwaɗa, su kuma tana da hanjin kaza sun fi kowace roba. Don haka a sako maka ƙananan ƙugiyoyi lamba 8 da 10 na karfasa, da 2/0 zuwa 4/0 na tarwaɗa, da dalma. Giwan ruwa da tsage sai ka yi tattaki zuwa Shiroro, ko Kainji, ko Binuwai ta wajen Loko, ka kuma kasance a kan ruwa da asuba ko dab da magariba. Usuma ruwan shan birnin nan ne, ba a shiga sai da izini. Duk inda ka je ka fara gaida Sarkin Ruwa, ka ɗauki mai kwalekwale ɗan gari. Ya san ramukan kifi, ya kuma san inda aka shimfiɗa taru, don Rapala in ya shiga tarun mutane, rigima ce da asara a lokaci guda.

Tambaya: Ɗana mai shekara 12 ya matsa mini sai na saya masa sandar fatsa. Ina tsoron ƙugiya da ruwa. Daga wata uwa a Gwarimpa.

Amsa: Hajiya, ki saya masa, amma da sharaɗi. Gajeriyar sandar faiba mai ƙafa 5 da rabi, ƙaramin ril lamba 2000, nailan mai laba 8, ya isa. Ki sa a matse ɗan ƙayar da ke bayan bakin ƙugiya da filaya, ko ta soke shi za ta fita ba sai an tsaga ba, ya kuma riƙa sa tabarau lokacin jifa. Kada ya je sai da babba, kada kuma ya tsoma ƙafa a ruwan da ke kwance, saboda tsargiya ta fata take shiga. Da zarar hadari ya haɗo aka fara walƙiya, ya kwantar da sanda a ƙasa ya bar bakin ruwa, haka nan ya kiyayi ɗaga ta a ƙarƙashin wayar lantarki. In hunturu ya shigo, a riƙa goge ril ɗin da tsumma mai ɗan danshi ana ajiye shi cikin tsohuwar safa, don ƙurar nan in ta haɗu da giris ɗin ciki tana cinye haƙoran giya.