Ina son ƙera motocin kai kaya masu lantarki: in dogara da tallafin gwamnati?

Tambaya: Malam, shekara goma sha biyu ke nan ina da wajen ƙera bodin motocin ɗaukar kaya, kuma ina da 'yan motoci da ke yi wa kamfanoni dakon saƙo. Kullum ina jin gwamnatoci na zuba kuɗi a harkar motocin lantarki, kamfanonin kai saƙo kuma suna neman irinsu ido rufe. Ina so in sayar da motocina, in haɗa da rancen banki, in buɗe masana'antar ƙera ƙananan motocin kai kaya masu batir, da fatan tallafi zai cike ragowar. Mene ne shawararka?

Amsa: Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi. Hangenka game da kasuwar daidai ne, kuma zan faɗi dalili. Amma jimlar ƙarshe ta wasiƙarka, wato tallafi ya cike ragowar, ita ce ta hana ni sakat, domin a daidai wannan gaɓar manyan kamfanoni masu jarin biliyoyi suka karye.

Cikin duk motocin da ke kan titi, ba wadda lantarki ya dace da ita kamar motar raba saƙo a cikin gari. Hanyarta sananniya ce, tafiyarta ta yini ba ta da nisa, tana yawan tsayawa da tashi, wanda ke cinye man dizal amma yake mayar wa batir ɗan caji duk lokacin da aka taka birki, sannan da dare tana kwana a gareji ɗaya inda za a jona ta. Babu canjin baƙin mai, kayan da ke lalacewa a inji kaɗan ne. Batir ma ya yi sauƙi: a 2010 kowane kilowat-awa, wato ma'aunin wutar da batir ke ɗauka, ya haura dala 1,000, a 2024 kuwa matsakaicin farashinsa ya sauko wajen dala 115. Doka ita ma tana tura masu saye. Birtaniya ta wajabta wa kamfanonin mota cewa kashi 10 cikin ɗari na irin waɗannan motoci da suka sayar a 2024 su zama marasa hayaƙi, adadin ya kai kashi 70 a 2030. A Holan, daga 1 ga Janairun 2025, birane irin su Amsterdam da Rotterdam sun fara keɓe unguwannin da sabbin motocin kaya masu hayaƙi ba za su shiga ba. Saboda haka masu saye suna nan.

Yanzu ga batun tallafi. Abin da ake kira tallafi a bakin mutane kala uku ne, kuma biyu daga ciki ba sa shiga aljihun mai ƙera mota kai tsaye. Akwai wanda ake ba mai saye: a Birtaniya, a 2025, an rage har fam 2,500 a ƙaramar mota, har fam 5,000 a babba. Akwai cinikin gwamnati da kanta, kamar dala biliyan 3 da dokar Amurka ta 2022 ta ware wa hukumar gidan waya don motocin lantarki da wuraren caji. Na uku ne naka, wato rance mai sauƙin ruwa, ko rangwamen haraji, ko gudummawar gina masana'anta. Wannan na ukun kusan kullum da sharaɗi yake zuwa: sai ka fara zuba naka kason, sau da yawa sai ka kashe kuɗin ka kawo rasit kafin a mayar maka, kuma akan ɗaure ka da yawan ma'aikatan da za ka ɗauka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya shiga da nufin tallafi ya cike masa giɓi, zai tarar giɓin ne ma ya hana a ba shi.

Rancen gwamnati kuma bashi ne, sai an biya. Ma'aikatar makamashin Amurka ta ba Tesla, kamfanin ƙera motocin lantarki, rancen dala miliyan 465 a 2010, ya biya a 2013. A ƙarƙashin shirin nan guda aka amince wa wani kamfanin motoci mai suna Fisker dala miliyan 529, da ya kasa cika sharuɗɗa aka rufe masa famfo tun bai karɓi rabi ba, ya durƙushe a 2013.

Abin da ya fi damuna shi ne saurin da tallafi ke gushewa. Jamus ta soke tallafin sayen motocin lantarki a Disambar 2023 cikin 'yan kwanaki, masu sayar da motoci suka wayi gari da oda a hannu, farashi kuma ya sauya. A Amurka rangwamen harajin motocin kasuwanci, wanda ya kai dala 7,500 ga ƙanana da dala 40,000 ga manya, an tsara shi ne ya daɗe, amma aka datse shi a ƙarshen Satumbar 2025. Masana'anta tana buƙatar shekaru da yawa kafin ta mayar da kuɗinta, manufar gwamnati kuwa zaɓe ɗaya ya isa ya juya ta.

Bari in tsaya a kan kamfanin Arrival, domin labarinsa ya yi kama da burinka ƙwarai. An kafa shi a Birtaniya a 2015, da tunanin ƙera motocin kai kaya a ƙananan masana'antu masu arha maimakon katafariyar masana'anta guda. A Janairun 2020 Hyundai da Kia suka zuba masa yuro miliyan 100, kamfanin kai saƙo na UPS kuma ya ba da odar motoci 10,000. Da ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Maris 2021, an kimanta shi a wajen dala biliyan 13. A Fabrairun 2024 reshensa na Birtaniya ya faɗa hannun masu kula da kamfanonin da suka karye, bai kai ga ƙera motocin da yawa don sayarwa ba. Ba kasuwa ya rasa ba. Tazarar da ke tsakanin mota ɗaya ta gwaji da mota dubu masu inganci iri ɗaya ita ta cinye kuɗin: gwajin karo, takardar amincewar hukuma, injinan buga ƙarfe, masu kawo kayan haɗi da ba sa kula ƙaramin mai saye, ga garanti na shekaru a kan batir. Odar UPS ɗin kuma alkawarin saye ne idan mota ta fito, ba tsabar kuɗi ba.

Har masu ƙarfi sun sha wuya. Kamfanin gidan wayar Jamus, Deutsche Post, ya sayi StreetScooter, kamfanin ƙera motocin kai saƙo masu lantarki, a 2014, shi ne mai ƙerawa shi ne mai saye, duk da haka asara ta sa ya sanar a 2020 zai daina, ya sayar da harkar ƙerar a 2022. General Motors ya samu gudummawar gwamnatocin Kanada da lardinta na Ontario don gyara masana'antarsa ta Ingersoll, amma a Oktoban 2025 ya dakatar da ƙera motocinsa na kai kaya masu lantarki, BrightDrop, saboda ciniki bai kai yadda aka zata ba. Rivian, wani kamfanin motocin lantarki na Amurka, ya tsaya da ƙafarsa, sai dai ka duba wanda ke bayansa: Amazon, wanda ya ba da odar motoci 100,000 a 2019, kuma mai hannun jari ne a kamfanin.

To me za ka yi? Ni dai ba zan so ka sayar da motocinka ba, domin su ne ɗakin gwajinka. Sayi motar lantarki ɗaya ko biyu daga kamfanin da ya riga ya kafu, ka sa su a hanyoyin da kake bi yanzu na tsawon wata shida. Rubuta komai: kilomita nawa a yini, wuta nawa ta sha, awa nawa caji ya ɗauka, nisa nawa ya ragu da aka cika ta da kaya ko zafi ya tsananta. Kula da nauyi sosai, domin batir yana cin wani kaso na lodin da mota za ta ɗauka. Shi ya sa Birtaniya ta ɗaga iyakar lasisin tuƙi na gama-gari daga tan 3.5 zuwa 4.25 ga motocin lantarki. Mai kamfanin saƙo ba ya sayen mota don tausayin muhalli kaɗai, lissafinsa kuɗin da kowane kilomita ke ci ne a tsawon rayuwar motar. Idan alƙalumanka suka nuna lantarki ya fi arha ba tare da ko sisin tallafi ba, kana da abin sayarwa.

Daga nan ka shiga ta ƙofar da ka fi kowa sani. Manyan kamfanoni suna sayar da ƙashin mota da kan direba, da batir da injinsa a haɗe, an riga an gwada an amince. Kai ka ɗora bodi: akwati mara nauyi, kantoci na jera saƙo, ɗakin sanyi na magunguna. Garantin batir yana wuyansu, ribar bodi tana hannunka, jarin kuma bai kai ko kusa da na masana'anta ba. Ka haɗa da kafa wuraren caji a garejin abokan cinikinka da horar da kanikawa, domin rashin mai gyara na cikin abubuwan da ke sa masu motoci da yawa ja da baya. Ka kuma tambayi mai sayar maka tun farko wa zai karɓi batir idan ya tsufa.

Kada ka sayi ko injin walda ɗaya saboda odar baki. Nemi kwangila a rubuce da kafin alƙalami. Da wannan takarda da alƙaluman wata shida za ka tunkari banki da hukumar tallafi, kuma a lokacin za su saurare ka da kunne biyu. Rubuta lissafinka kashi biyu, ɗaya da tallafi, ɗaya babu. Idan na biyun bai nuna za ka iya biyan albashi da bashin banki ba, a dakata tukuna.

Idan ka tattara bayanan tafiyar motocinka na wata ukun da suka wuce, da abin da kake kashewa a mai da gyara, turo min mu zauna a kansu, mu ga hanyar da ta fi dacewa a fara gwajin da ita.